Tayin Farko

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Yaya sanyin ƙasar taku, yaya ɗawainiya? Ka gaida mini matarka, ka ce mata na ga hoton jaririyar. Kunnuwan namu ne, kada ta ɓata bakinta wajen musu.

Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwa. Kullum da safe sai na lallashe ta kafin ta yarda ta kai ni bakin titi. Kunnen hagu ma ya ƙara nisa, shi ya sa na ce wa Auta ta daina miƙo mini waya in ka kira. Kana can kana zuba magana, ni ina nan ina "na'am, na'am", kuɗinka kawai ke ƙonewa. Takarda ta fi mini. In na sa tabarau ina bin ta a hankali, in na so in sake bi.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka ji gwamnati ta buɗe ƙofa? A rediyo aka faɗa, wai daga yanzu kamfanonin ƙasashen waje suna da damar shigowa su ba da sari, su kuma sayar ɗai-ɗai, abin da doka ta hana su a da. Mai maganar ya ce kaya za su yi araha, talaka zai sha iska. Mai Gishiri, maƙwabcina na hannun dama, ya ce talakan da ke saye ne zai sha iska, wanda ke sayarwa kuwa iskar ce za ta sha shi. Muka yi dariya, kowa ya koma kan cinikinsa.

To, dariyar ba ta yi nisa ba. Wani kamfani ya riga ya buɗe katafaren sito a bayan gari, 'yan tireda da masu tebur da suka saba sari a wurina sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata da na fara ba kwalin sabulu tun tana goyon fari, yanzu ɗan nata har ya yi gemu. In ta hango ni sai ta duƙa tana gyara takalmi har in wuce. Ban ga laifinta ba, ita ma da bakunan da take ciyarwa.

Sai kuma ga wasu mutane da hular magina da igiyar awo, suna auna layinmu daga bakin titi har ƙarshe. Wani kamfanin ne daban, shi kanti yake so ya gina a nan, irin wanda mutum ke tura keke yana ɗiban kaya da kansa. Suka tsaya a ƙofata, don shagona ne a tsakiyar layi, suka tambayi mai wuri. Na ce ga ni. Suka duba takardarsu, suka ce ba sunan mace suka gani ba.

Ban sani ba ko marigayi babanka ya taɓa gaya maka. Kakanka da babana 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma a gidanmu babanka ya tashi, shi ya sa ya sa maka sunan tsohona, ni kuma bakina ba ya iya kiransa. Lokacin da hukumar kasuwa ta raba shagunan nan ba a rubuta sunan mace, mijina kuwa ya rasu, Auta na bayana. Sai na roƙi babanka ya ara mini sunansa. Ya ara, ya tafi ƙasar da kuke kana rarrafe, bai taɓa tambayata ko ƙwayar ashana ba har Allah ya karɓi abinsa. Yanzu sunan ya gangaro kanka.

Na ba su adireshinka. In sun rubuto ka sanar da ni. Shagon nan shi ne ɗakina, shi ne tsakar gidana. Gida kwana kawai nake zuwa yi.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Gaisuwa da girmamawa. Wasiƙarki ta iso, mun ji daɗi ƙwarai. Muna lafiya, jaririya ta fara zama. Uwarta ta ce ta bar miki kunnuwa, amma hanci nata ne. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Don Allah ki rage hawa kan buhuna, Auta ta gaya mini har yanzu da kanki kike sauko da kaya daga sama.

Baba ya taɓa yi mini maganar shagon sau ɗaya, yana kwance a asibiti. Ya ce, "Suna ne nawa, wuri na Gwaggonka ne." Ban manta ba.

Mutanen sun rubuto. Wakilinsu ma ya kira ni, mutum ne mai ladabi. Suna so su sayi haƙƙin wurin. Abin da suka ce za su bayar na rubuta miki a ƙasan wannan takarda, don ki gani da idonki. Ko sisi ba nawa a ciki.

Gwaggo, ki yi haƙuri in faɗi abin da na gani. Ni kaina a irin wannan kanti nake aiki, ni ke duba masu jera kaya a kan kanta. Ba kamfaninsu ɗaya da waɗannan ba, amma duk kanwar ja ce. A titin da na tashi akwai mai burodi, da mai nama, da wani tsoho mai kayan gwangwani. Babu wanda ya kore su. Kanti ya buɗe, mutane suka daina tsayawa, suka rufe da kansu, ba wanda ya ba su komai. Tsohon nan har yau ina ganinsa a inda ake jiran mota, yana zaune kawai, ba motar yake jira ba. Tsorona kada ki wayi gari wurin yana hannunki amma babu mai shigowa. Ga gwiwa, ga shekaru. Da abin da za su bayar za ki huta, ki yi wa Auta jari in tana so.

Amma ba zan sa hannu a komai ba sai da yardarki. Sun ba ni zuwa ƙarshen wata mai zuwa. Ba sai kin wahalar da idonki da dogon rubutu ba, kalma ɗaya nake jira daga gare ki.

Ɗanki

*

Babana,

Na gaishe ka, na gaida mai hanci da 'yarta. Muna lafiya. Ka yi haƙuri da gajeren rubutu, a tsaye nake yin sa. Ruwan sama ya sami kafa a kwano, ya sauko daidai kan buhunan sukari, tun safe muke janye su ni da 'yan dako. Abin da ya jiƙe ya dunƙule. Ƙudan zuma sun ji labari, yau sun fi masu saye yawa.

Bakin Auta ya cika tsawo, ka daina sauraronta. Wa zai sauko mini da kaya, gwamnati?

Na ga abin da ka rubuta a ƙasan takarda. Na kuma karanta labarin tsohonka mai jiran mota, Allah ya rufa masa asiri. Ka ce kalma ɗaya kake so. To, albarka.

Na ji daɗi da ka tambaye ni, wani da tuni ya yi gaban kansa. Allah ya yi maka albarka, ya raya maka zuriya.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, da fatan ku ma haka. Sannu da aikin sukari, Allah ya mayar da alheri.

Wasiƙarki ta daɗe a hanya, saura ƙiris wa'adin ya cika ta iso. Da na zo buɗewa na yi zaton faɗa zan sha. Sai na ga kin sa albarka, har sau biyu. Na karanta wa matata, ta ce tun da tsohuwa ta sa albarka, me kake jira? Washegari na roƙi izini a wurin aiki, na je ofishin lauyansu na sa hannu.

Na san ba ƙaramin abu kika yi ba. Mutum ya bar wurin da ya shekara talatin da ɗoriya yana buɗewa kullum, kuma ya bar shi da kalma mai daɗi, ba kowa ke iyawa ba. Ni da na yi fargabar za ki ce na raina ki, sai ga shi kin fi ni hangen nesa.

Sun ce za su ba ki lokaci har ruwa ya ɗauke kafin ki kwashe kaya. Kuɗin zai shigo asusunki kai tsaye, ba zai bi ta hannuna ba. Ba sai kin gyara kwanon ba ke nan.

Ɗanki

*

Babana,

Ina gaisuwa. Shiru nake ji daga wajenka tun da na aika maka amsa, Allah dai ya sa lafiya. Mu nan ƙalau. Ko mutanen ne ba su dawo ba tukuna? Kada ka damu, za su dawo. Wanda ya auna wuri da igiya ba ya tafiya don an ce masa albarka sau ɗaya.

Bari in koya maka, tun da kai a inda ake manna wa kaya farashi ka tashi. In sun dawo da sabon tayi, kada ka amsa a ranar. Ka ce za ka yi shawara da manya. Kada ka nuna kana so, kada kuma ka rufe musu ƙofa, mai taya ba a wulaƙanta shi. In sun ƙara ka rubuto mini. Ni ban ce zan sayar ba, ban kuma ce ba zan sayar ba. So nake in ga iyakar numfashinsu.

'Yan layi mun zauna a shagon Mai Gishiri. Mun yi magana ɗaya: ba wanda zai amsa shi kaɗai. In tashi ne mu tashi tare, kuma ba don kuɗi kawai ba, sai sun gina mana wani layin a tsallaken titi, inda masu sayenmu za su gan mu. Tun da nawa ne a tsakiya, ba za su iya gina komai ba sai da shi, don haka idon kowa a kaina yake. Na dafa bango na miƙe da gwiwar nan tawa, na ce ni tuni na mayar musu da tayinsu. Har tafi aka yi mini. Mai Gishiri ya ce ni ce maɗaurin tsintsiya, na ce ya dai rage gishiri a magana, ya bar na sayarwa.

Kafinta ya canza kwanon da ke yoyo. Na kuma sa an yi wa ƙofa fenti shuɗi. Mai son a taya kayansa da daraja ba ya barin su da datti, in masu igiyar awo sun dawo su san ba gajiyayyu suka tarar ba.

Ka rubuto da wuri.

Gwaggonka

*

Babana,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Gwiwa tana nan.

Wasiƙarka ta zo, wadda ka ce ka sa hannu. Ina jin ta yi saɓani da tawa a hanya. A shago na karanta ta, wani ɗan tireda na tsaye yana jiran kwalin madara. Na gama, na ninke ta, na ba shi madararsa, har na yi masa gyara da ashana. Na sallami wasu biyu bayansa. Da lokacin tashi ya yi na rufe kamar kullum.

Zan gaya maka don ka sani, ba don faɗa ba. A kasuwa, in mutum ya taya kayanka kuɗin bai kai ba, ba ka ce masa a'a, a'a cin fuska ne. Cewa kake yi albarka. Wato Allah ya sa wa kuɗinka albarka, amma riƙe abinka, bai kai ba. Shi kuma sai ya ƙara, ko ya yi kamar zai tafi. In an daidaita, nan ne mai kaya ke cewa na sallama. Ban rubuta maka na sallama ba.

Ka ce kalma ɗaya kake so, na ba ka wadda bakina ke faɗi daga safe har yamma. Bai zo mini a rai ba cewa akwai mai jin yarenmu da bai san ta ba.

Auta ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ɗauki waya za ta kira ka, na hana ta. Ni na zauna ina laluben fushi a cikina, ban samu ba. Baƙin cikin ma ban samu ba. Kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ina taɓawa, ba na jin komai. Na ci abinci, na yi barci.

Da safe masu igiyar awo suka zo da gwangwanin fenti, suka yi jar alama a kan shuɗiyar ƙofar. Mai Gishiri ya fito yana goge hannu, ya dubi alamar, ya dube ni.

"Hajiya, ashe haka ne?"

Na ce, "Haka ne."

Ya koma ciki. Ban bi shi da bayani ba. Wa zai yarda cewa mace ta tsufa a kasuwa, ɗanta bai san albarka ba? Gara su ce na ci amana, wannan aƙalla sun saba ji.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Ina gaishe ki. Ban san yadda zan tambayi lafiyarki ba. Mu muna lafiya.

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka iso. Na fara da ta fenti shuɗi, tun ban kai ƙarshe ba na gane akwai matsala. Na karanta ta biyun a tsaye a bakin ƙofa.

Akwai wani dattijo ɗan gida da ke tuƙa tasi a nan. Na je na same shi, na ce, "Baba, in ka taya kaya aka ce maka albarka, me ake nufi?" Ya fashe da dariya, ya ce wannan ai ko jariri ya sani. Da ya dubi fuskata sai ya daina dariyar.

Ni albarka a bakin Baba na san ta, in na kawo masa ruwa, ko in na ci jarrabawa. Ban taɓa taya komai ba a rayuwata. Abin da aka rubuta a jikin kaya shi nake biya, abin da aka rubuta shi nake karɓa. Ba uzuri nake kawowa ba. Da na jira, da na sake tambaya, da na sa Auta ta tambaye ki baki da baki, da ba a kai nan ba. Wa'adinsu ne ya tsorata ni, kuma gaskiya abin da nake so in ji shi na ji.

Na koma wurin lauyansu. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ba ni shayi, ya ce bakin alƙalami ya bushe. Na nemi wani lauyan daban, shi ma haka ya ce. Na rubuta wa wakilin cewa kuskuren harshe ne, mai wurin ba ta yarda ba. Ya amsa da cewa a takardarsu ni ne mai wurin.

Ki bar ni in rubuta wa Mai Gishiri in gaya masa laifina ne. Ki bar ni in zo. Ko faɗa ne ki yi mini, Gwaggo, rashin faɗan nan ya fi mini nauyi.

Ɗanki

*

Babana,

Na gaishe ka da iyali. Ka yi haƙuri da daɗewar amsa, ba ciwo na yi ba. In na ɗauki biro sai in ga ba abin faɗi, in ajiye. Wasiƙunka duka sun zo, har da wadda ka sa hoton yarinyar tana tsaye. Ta yi wayo.

Kada ka zo, kuɗin jirgi ka yi wa yarinya amfani da shi. Kada kuma ka rubuta wa Mai Gishiri, ba ya nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ta wajena ya tsage. Da labari ya bazu cewa tsakiya ta tafi, kowa ya ruga ya sa hannu kada a bar shi a baya. Maganar sabon layi a tsallaken titi ba wanda ya sake tayar da ita. Waɗanda suka yi jinkiri abin da aka ba su bai kai nawa ba, wannan ma wani laifin ne a kaina. Mai Gishiri ya kwashe ya koma garinsu. Ranar da motarsa za ta tashi na je na tsaya, ya ce, "Sai wata rana, Hajiya," yana duban taya.

Ni ma na kwashe. Sauran kayan na karyar wa 'yan tireda, suka zo kamar ana rabon gado, har da matar nan da ke duƙawa gyara takalmi in ta hango ni. Ta taya kwalin sabulu, na ba ta yadda ta taya. Sikeli da benci na kawo gida, suna zaure. Makullin na miƙa wa wani saurayi mai hular magina, ya karɓa da hannu biyu, ya jefa a aljihu tare da wasu. Kafin in kai bakin titi har sun fara cire sabon kwanon.

Yanzu da asuba nake tashi kamar da, in yi wanka, in ɗaura zane, sai in zauna. Auta ta ce in riƙa fita ina miƙe ƙafa. Ina fita, in kai mahaɗar titi, in dawo. Kuɗin yana asusu, ban taɓa shi ba, ba don fushi ba, ban dai san abin da zan saya ba.

Ka ce in yi maka faɗa. Ba ni da shi. Na yi tunani, wataƙila da ma ƙarshen ke nan, ko da kai ko ba kai. Wataƙila da sun ƙara, sun sake ƙarawa, sun gina mana layin, da na sallama da bakina. Ba tafiyar shagon ce ke tsaya mini a wuya ba. Tun da na fara kasuwa, ko ƙullin gishiri bai taɓa barin hannuna a tayin farko ba. Abu mafi girma da na mallaka shi ne ya tafi haka, ba wanda ya ja, ba wanda ya yi kamar zai tafi aka kira shi.

Abu ɗaya nake so ka gaya mini, kuma kada ka gyara shi. Ranar da wakilin ya kira ka ya faɗi kuɗinsu, kafin ka rubuto mini, me ka ce masa?

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, yarinya ta fara takawa.

Na so in gyara, kin ce kada in gyara. Da ya faɗi kuɗin, cewa na yi, "Na gode."

Ɗanki

*

Babana,

Gaisuwa mai yawa gare ka da matarka da mai takawa. Muna lafiya. Gwiwa ta yi sauƙi tun da na daina hawa buhu, ka gaya wa Auta ta ci gari, ni ba zan gaya mata ba.

Amsarka ta zo tuntuni. Na karanta, na sa ta ƙarƙashin sikeli. Sai yanzu na ɗauki biro.

An buɗe kantin. Auta ta dame ni sai mun je, wai in gani da idona in huta. Muka je. Ƙofar da kanta take buɗewa. Ciki sanyi, ga haske ko'ina, ƙasa tana sheƙi har ina tsoron taka ta. Mutane cike, da yawa na san su, kowa na tura kekensa. Kayan sun yi araha, ba ƙarya mai rediyo ya yi ba. Na ga ɗaya daga cikin 'yan dakona da riga mai alamar kamfani yana jera madara, ya rusuna ya gaishe ni, ya waiga ko ana kallonsa, ya ci gaba.

Na nemi inda shagona yake. Na auna da ido daga bakin titi, na kasa ganewa. Ko wajen man girki ne, ko wajen da suke ajiye kekunan. Na tsaya tsakanin kanta biyu ina dube-dube, har wata ma'aikaciya ta zo ta ce, "Mama, me kike nema?" Na ce sabulu. Ta kai ni, na ɗauki guda.

A wurin biya wata yarinya ce zaune gaban na'ura. Ta goga sabulun a gilashi, na'urar ta yi ƙara, ta faɗi kuɗi. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni, na taya ƙasa da haka. Ta dube ni, ba ta gane ba. Na sake faɗi. Ba ta ce albarka ba, ba ta ce a'a ba, ta dai juya sabulun ta nuna mini 'yar takardar da ke manne a jikinsa. Mutane sun yi layi a bayana, Auta na jan gefen mayafina.

Na buɗe jaka na biya abin da aka rubuta. Ta miƙo mini sabulun a leda. Sai na ji bakina ya ce mata, "Na gode."

Ka daina neman gafara a kowace wasiƙa, Babana. Ka turo hoton yarinyar tana tafiya.

Gwaggonka